Ƙetara Iyakokin Turai a Mota da Iyali: Amsa ga Mai Shirin Tafiyar Mako Biyu

Tambaya: Wani magidanci daga Kaduna ya rubuto cewa yana shirin kai iyalinsa Turai a dogon hutun makaranta na watan Agusta, shi da maiɗakinsa da 'ya'yansu uku masu shekara 13 da 9 da 4, dukansu da fasfon Nijeriya. Za su sauka a Frankfurt ta Jamus su ɗauki hayar mota, kuma cikin mako biyu yana son su ga Amsterdam da Paris da Barselona da Roma da Venice, sannan su dawo inda suka fara. Yana son ya san ko biza ɗaya za ta wadatar, da abin da ake nema a kan iyaka, da yadda ake shiga waɗannan birane da mota.

Amsa: Malam, Allah ya sa a je lafiya a dawo lafiya. Na shafe shekaru ina tuƙa babbar motar 'yan yawon buɗe ido tsakanin kudancin Jamus da maƙwabtanta, kuma yawancin hanyoyin nan na bi su da nawa iyalin a ƙaramar mota, saboda haka abin da zan faɗa maka na gan shi da idona. Iyakar da ta fi tsaya maka a rai ita ce abu mafi sauƙi a cikin shirinka. Abin da zai iya ɓata muku hutun shi ne wanda ba ka tambaya ba, wato yawan biranen da ka jera, da kuma niyyar shiga tsakiyarsu da mota.

Biza ɗaya ta wadatar, domin duk biranen da ka ambata suna cikin ƙasashen yankin Shengen. Sunan ya samo asali ne daga wani ƙauye na ƙasar Lukzambur da ke bakin kogin Moselle, a daidai inda ta haɗu da Faransa da Jamus, inda ƙasashe biyar suka sa hannu a yarjejeniyar cire shingayen kan iyaka ranar 14 ga Yuni 1985, aka kuma fara aiki da ita a watan Maris na 1995. Yanzu ƙasashe 29 ne a ciki. Sai dai kada ka ɗauka Shengen da Tarayyar Turai abu ɗaya ne: Suwizalan da Norwe suna cikin Shengen alhali ba sa cikin Tarayyar, Ailan kuwa tana cikin Tarayyar amma ba ta cikin Shengen, Birtaniya kuma ba ta cikin ko ɗaya. Idan wani ya ba ka shawarar ku leƙa Landan tunda kun zo kusa, to wannan wata biza ce daban, kuma idan bizarku ta shiga sau ɗaya ce, da zarar kun fita daga yankin ta ƙare ke nan, ko da kwanakinta ba su cika ba.

Inda mutanenmu suka fi yin kuskure shi ne wurin neman bizar. Doka ta ce a nema a ofishin jakadancin ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta, idan kuma kwanakin sun yi daidai, sai a nema a ta ƙasar da za a fara shiga. Wanda ya karɓi bizar wata ƙasa don an ce ta fi sauƙin samu, alhali tafiyarsa ta wata ƙasar ce, yana iya fuskantar tambayoyi masu tsanani a filin jirgi, har a soke masa bizar. Ana karɓar takardun nema tun ana saura wata shida a yi tafiya, kuma tunda Agusta lokacin cunkoso ne, ka fara neman ranar ganawa tun farkon shekara. Tun watan Yuni na 2024 kuɗin biza yuro 90 ne ga babba, yuro 45 ga yaro mai shekara 6 zuwa ƙasa da 12, wanda bai kai 6 ba kuma kyauta ne. Ku biyar za ku biya yuro 315 ke nan, ban da ladan cibiyar da ke karɓar takardu. Kowane yaro sai da nasa fasfon da takardar haihuwarsa, kowane fasfo ya zama yana da sauran aƙalla wata uku bayan ranar da za ku fita, kuma kowa sai da inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000 wadda ke aiki a yankin baki ɗaya.

Iyakar gaske da za ku tsaya a kanta ita ce ta filin jirgin Frankfurt. A can ne jami'in shige da fice zai iya neman tikitin komawa da shaidar masauki da shaidar kuɗin guzuri, don haka ka buga su a takarda, kada ka dogara da waya kaɗai. Tun 12 ga Oktoba 2025 aka fara sabon tsarin rajistar shiga da fita da kwamfuta, wanda ake ɗaukar hoton fuska a kuma duba zanen yatsu, ban da yatsun yaran da ba su kai shekara 12 ba. Idan kuɗin hannunka sun kai yuro 10,000 wajibi ne ka sanar da jami'an kwastan. Ka kuma faɗa wa uwargida tun tana haɗa kaya cewa an hana shigo da nama da kayan madara daga wajen Tarayyar Turai, kuma kilishi da dambun nama da man shanu duk suna cikin hanin. Na san abin da zafi, domin guzurin Bahaushe ba ya cika sai da su, amma za a ƙwace, wani lokaci har da tara.

Bayan nan sauran iyakokin allon suna ne kawai a bakin hanya, wani lokaci yara ba za su san an shiga wata ƙasa ba sai sun ga harshen allunan ya canza. Amma hakan ba ya nufin babu bincike. A watan Satumba na 2024 Jamus ta dawo da binciken 'yan sanda a dukan iyakokinta na ƙasa, Faransa da Ostiriya ma sun daɗe suna yin irinsa, kuma ba zan ɓoye maka ba, a abin da na gani an fi tsayar da motar da baƙaƙen fata ke ciki. Fasfo biyar ɗin su kasance a jaka ɗaya a gaban mota, ba a cikin akwati a but ba. Idan an tsayar da ku, ka kashe inji, ka sauke gilashi, ka zauna a kujerarka, ka miƙa abin da aka nema, ka amsa abin da aka tambaya kawai. Yawanci minti biyu ne an sallame ku. Abu ɗaya nake roƙonka da babbar murya: kada ka kuskura ka miƙa wa jami'i na goro, ko da cikin raha ne, domin a can laifi ne da ke kai mutum gaban alƙali. A iyakar Suwizalan kuma akwai kwastan na dindindin, tunda ba ta cikin ƙawancen kwastan na Tarayyar, kuma naman da mutum ɗaya zai shiga da shi ba tare da biyan haraji ba kilo ɗaya ne.

Yanzu mu dawo kan jerin biranenka. Idan ka tashi daga Frankfurt ka bi ta Amsterdam da Paris da Barselona da Roma da Venice ka dawo, tafiyar ta haura kilomita 4,500, wato kamar ka yi Kano zuwa Legas sau huɗu da ɗoriya. Tsakanin Paris da Barselona kaɗai ya wuce kilomita 1,000, tsakanin Barselona da Roma kuma ya wuce 1,300. Mu direbobin manyan motoci doka ta tilasta mana hutun minti 45 bayan tuƙin awa huɗu da rabi, ta kuma ƙayyade mana awa tara a wuni, alhali tuƙi ne sana'armu, kuma ba mu da yaro ɗan shekara huɗu a kujerar baya yana kukan fitsari. Kai kaɗai ne za ka yi tuƙin, a hanyoyin da ba ka taɓa bi ba, a watan da Turawa da kansu suke fita hutu su cika tituna. Rabin kwanakinku zai ƙare a mota, sauran rabin kuma a gajiye, yaran su koma gida ba abin da za su tuna sai gidajen mai. Taura biyu ba ta taunuwa, balle biyar. Paris da Roma da Barselona kowannensu tafiya ce mai zaman kanta, kuma jirgin ƙasa ko na sama ya fi dacewa da su.

Abin da zan ba ka shawara shi ne zagaye ɗaya da bai kai kilomita 1,800 ba, wanda duk da haka zai ratsa ƙasashe biyar. Ku yi dare biyu a Frankfurt ku huce gajiya, kuma kada ka karɓi motar sai ranar da za ku bar garin. Ku wuni a Heidelberg, inda jami'ar da ta fi kowace tsufa a Jamus take tun 1386, ku wuce Strasbourg ta Faransa, wadda nisanta daga Frankfurt bai wuce na Kaduna zuwa Kano ba, ku yi dare biyu. Daga nan ku bi ta Basel zuwa Luzern a Suwizalan, dare biyu. Sai Verona a Italiya, dare uku. Sai Innsbruck a Ostiriya, dare ɗaya. Sai Munich a Jamus, dare biyu. Sannan Frankfurt, dare ɗaya kafin jirgi. Dare 13 ke nan, biyar daga ciki a Jamus, wanda ya nuna cewa a ofishin jakadancin Jamus za ku nemi biza. Doguwar tafiya sau biyu ce kawai a ciki, Luzern zuwa Verona da Munich zuwa Frankfurt, kowace wajen kilomita 400.

Game da motar, ka tafi da lasin tuƙinka na gida tare da lasin ƙasa da ƙasa, domin na biyun fassarar na farkon ne kuma ba ya aiki shi kaɗai. Kamfanonin haya suna riƙe kuɗin jingina a katin kiredit mai ɗauke da sunan direba, kuma da yawansu ba sa karɓar katin cire kuɗi na yau da kullum, saboda haka ka warware wannan da su a rubuce tun kana gida. Ka faɗa musu dukan ƙasashen da za ka shiga, su rubuta a takardar haya, don kada inshora ta ƙi ka idan wani abu ya faru a ƙasar da ba ka ambata ba. Yawancin motocin haya masu araha giyar hannu ne, idan otomatik ka saba da ita sai ka nema tun da wuri. Ku biyar da akwatunan mako biyu ba za ku shiga ƙaramar mota ba. Ka ɗauki mai dogon baya ko mai kujera bakwai, ku kuma rage kaya. Kafin ka tayar da ita ka zagaya ka ɗauki hoton kowane ƙarce, ka kuma tambaya wane mai take sha, domin sunan yana canzawa: dizal a Faransa gazole ne, a Italiya gasolio, fetur kuma Benzin ko Super a Jamus, benzina a Italiya. Mai shekara 4 sai da cikakkiyar kujerar yara, mai shekara 9 kuma sai da abin ƙara tudu idan tsayinsa bai kai santimita 150 ba, domin dokar Jamus da ta Suwizalan ke nan ga wanda bai kai shekara 12 ba. Rungume yaro a cinya babu shi sam, kuma kowa sai ya ɗaura bel, har na baya.

Kuɗin hanya shi ne wurin da iyakar da ba a gani take nuna kanta, domin kowace ƙasa da nata tsarin. A Jamus ƙananan motoci ba sa biyan komai a babbar hanya. Faransa tana da tolget, amma hanyar A35 da za ku bi daga Strasbourg zuwa Basel kyauta ce. Suwizalan ba ta da tolget, tana da takardar izinin hawa babbar hanya da ake kira vignette, faran 40 na kuɗin ƙasar, ta shekara guda ce ko da wuni ɗaya za ka yi, kuma wanda aka kama babu ita zai biya tarar faran 200 sannan ya saya. Ana samunta a kan iyaka ko ta intanet da lambar mota. Italiya tikiti ake cira a mashiga a biya a mafita, kuma layin da ke da allo ruwan ɗorawa mai rubutun Telepass na masu na'ura ne, kada ka shige shi. Ostiriya ita ma vignette ce, amma akwai ta wuni ɗaya da ta kwana 10, kuma mashigar dutsen Brenner da za ku bi daga Italiya tana da nata kuɗin daban. Har launin alluna yana canzawa: allon babbar hanya shuɗi ne a Jamus da Faransa da Ostiriya, kore ne a Suwizalan da Italiya.

Tuƙin kansa hannun dama ne kamar na gida, wannan sauƙi ne babba, amma akwai abubuwan da hannunka bai saba da su ba. A babbar hanyar Jamus akwai wuraren da ba a ƙayyade gudu ba, gwamnati dai tana ba da shawarar kilomita 130 a awa, kuma motar da ka hango can nesa a madubi tana iya iso ka cikin daƙiƙu kaɗan. Ka zauna a layin dama, ka shiga na hagu don wucewa kawai, kuma ba a wuce mota ta damanta. Iyakar gudu 130 ce a Faransa da Italiya da Ostiriya, tana sauka zuwa 110 a Faransa idan ana ruwa, a Suwizalan kuma 120 ce, kuma tarar gudu a can tana da zafi ƙwarai. A mahaɗar da babu allo ko fitila, wanda ya fito daga damanka shi ke da hanya, ko da titinsa ya fi naka ƙanƙanta. Allo ruwan ɗorawa mai kusurwa huɗu da farin gefe shi ke nuna cewa kai ne mai hanya. Mai tafiya a ƙasa da ya nufi zanen tsallakawa dole a tsaya masa, kuma kafin ka karya kwana zuwa dama ka waiwaya ka duba mai keke. Idan cunkoso ya tsayar da motoci a babbar hanya a Jamus ko Ostiriya ko Suwizalan, na layin hagu suna matsawa hagu, sauran su matsa dama, a bar fili a tsakiya don motar asibiti, tun kafin a ji jiniya. Oda kuwa ba a danna ta a gari sai don kauce wa haɗari. Lambar gaggawa a ko'ina 112 ce.

Shiga birni shi ne inda na fi son ka saurare ni. Tsofaffin biranen Turai an gina su ne tun kafin a ƙera mota, lungunansu kamar na cikin ganuwa suke, kuma hukumominsu da gangan suke tsananta wa mai mota. A Italiya akwai allo mai jan da'ira da rubutun ZTL, wanda ke nufin unguwar da mazauna da masu izini kaɗai ke shiga da mota a wasu sa'o'i. Babu shinge, babu ɗan sanda, kyamara ce kawai ke ɗaukar lambar. Ni kaina, duk da sanin da na yi wa hanya, na taɓa bin taswirar waya da dare ina neman masaukinmu a wani birni na Italiya, yara suna barci a baya, na ratsa irin wannan allo sau biyu ban lura ba, bayan watanni sai ga takardun tara guda biyu, kowace shiga da tata. A motar haya kuwa kamfanin zai ƙara nasa ladan na miƙa sunanka ga hukuma. Ko zanen wurin ajiye mota ba ɗaya ba ne: shuɗin layi a Italiya na biya ne, a Suwizalan kuma na ajiyewa kyauta ne na ɗan lokaci idan ka sa faifan nuna lokacin isowa a gilashi. Maganin duk wannan shi ne ka nemi masaukin da ke da wurin ajiye mota a gefen gari kusa da tashar jirgi, ko ka bi allon P+R, wato filin da ake ajiye mota a hau jirgin cikin gari. Kada ku bar jaka ko waya a inda za a hango ta ta gilashi.

Strasbourg ce za ta fara nuna muku amfanin haka. Birnin yana cikin waɗanda ke neman takardar Crit'Air ta nuna yawan hayaƙin mota, wadda motar hayar Jamus ba lalle ta zo da ita ba, don haka ka tambayi kamfanin hayar tun a Frankfurt. Idan babu, kana iya barin motar a Kehl, garin da ke ɓangaren Jamus, ku hau tiram, wato ƙaramin jirgin cikin gari, wanda tun 2017 yake tsallaka kogin Rhein ya shiga Faransa. Yara suna jin daɗin wannan ƙwarai, su ga sun canza ƙasa a kan gada cikin minti kaɗan, kuma wuri ne mai kyau na ba babban labarin yadda yankin Alsace ya yi ta komawa hannu tsakanin Faransa da Jamus daga 1871 zuwa 1945, yau ga shi Majalisar Tarayyar Turai a nan take zama. Hasumiyar babbar majami'ar garin mita 142 ce, kuma ta fi shekara 200 tana riƙe da matsayin gini mafi tsawo a duniya. Ku zaga unguwar Petite France da ƙafa da safe, da yamma ku shiga jirgin ruwan da ke kewaya tsohon gari, ƙaramin ya huta da tafiya. Idan kuna da hali, filin wasan Europa-Park da ke Rust bai kai tafiyar awa ɗaya ba, sai dai zai ci wuni guda cur.

A Luzern akwai gadar katako ta Kapellbrücke tun ƙarni na 14, wadda gobara ta cinye yawancinta a 1993 aka sake ginawa, amma abin da zai fi burge yaranka shi ne gidan tarihin sufuri da ke bakin tabki, inda za su ga tsofaffin jiragen ƙasa da na sama su taɓa da hannunsu. Suwizalan tana da tsada, kuma layin wayar da ka saya a Jamus, wanda zai yi aiki a Faransa da Italiya da Ostiriya ba tare da ƙarin kuɗi ba, sau da yawa bai haɗa da ita ba, saboda haka ka sauke taswira a waya kafin ku shiga. Ranar tafiya Italiya ku yi sammako. Hanyar ƙarƙashin dutsen Gotthard kusan kilomita 17 ce, layi ɗaya zuwa ɗaya dawowa, kuma a ƙarshen mako na Agusta ana iya shafe awanni a bakinta. Ku tsara ranar ta faɗo tsakiyar mako, ku kuma kauce wa kwanakin da ke kewaye da 15 ga Agusta, babban hutun Italiya. Yara su shiga bayi kafin ku isa layin.

Na zaɓa muku Verona ne domin mota ta huta kwana uku. Garin yana da filin wasan Rumawa na ƙarni na farko wanda har yau ake taro a cikinsa, tabkin Garda yana kusa, kuma jirgin ƙasa yana kai mutum Venice ko Milan cikin awa ɗaya da 'yan mintuna. Venice ba a shiga cikinta da mota ko kaɗan, kuma gadojinta sun haura 400, yawancinsu masu matakala, don haka keken tura yaro wahala zai zame muku. Ku yi amfani da jirgin ruwan haya, ku riƙe hannun ƙaramin a bakin ruwa. Innsbruck zango ne na hutawa a tsakiyar duwatsu. A Munich ku ba gidan tarihin kimiyya na Deutsches Museum rabin wuni. A ko'ina, abu ɗaya babba a wuni ya isa, a yi shi da safe, a bar yamma don filin wasan yara da hutawa.

Sauran abin da ya shafi ibada da abinci. A farkon Agusta magariba tana kaiwa wajen ƙarfe tara na dare a wannan yanki, don haka ka sa manhajar lokutan salla a waya, ka kuma tambayi malaminka hukuncin ƙasaru da haɗa salloli kafin ku taso. Wuraren hutawa na bakin hanya suna da ciyawa da fili, kuma na sha shimfiɗa darduma a gefe ba wanda ya ce mini uffan. Ku ajiye buta a mota, da 'yan sulalla domin bayin gidajen mai na biya ne. Idan Juma'a ta same ku a Strasbourg, babban masallacin garin da aka buɗe a 2012 yana kusa da tsakiyar birni. Naman halal ana samunsa a shagunan Turkawa da Larabawa, galibi a unguwannin tashar jirgi, kuma ku haddace sunan alade a harsuna uku, Schwein da porc da maiale, ku riƙa duba alewar yara saboda sinadarin gelatin. Gidan haya mai kicin ya fi muku ɗakin otal biyu, ga araha ga damar dafa abin da yara suka saba. Kantuna a Jamus da Ostiriya da Suwizalan a rufe suke ranar Lahadi, sai na manyan tashoshi da gidajen mai, don haka cefanen Asabar ya haɗa da na washegari. Hijabi babu mai hana uwargida sa shi a titi, amma rufe fuska da niƙabi a bainar jama'a an hana shi a Faransa tun 2011, a Ostiriya tun 2017, a Suwizalan kuma tun 1 ga Janairu 2025, kuma akwai tara. Idan tana sawa, ku tattauna wannan tun kafin a sayi tikiti.

Ranar dawowa ka mayar da motar da yammacin da ya gabaci tashinku, ba da safiyar jirgi ba. Ka cika tanki a gidan man da ke kusa, ka riƙe rasit, ka tsaya ma'aikaci ya duba motar a gabanka ya ba ka takardar cewa babu sabon lahani, sannan ka bar ɗan kuɗi a katin na wasu watanni saboda abin da ka iya biyo baya na tara ko kuɗin hanya. Ka kuma duba bizar da kyau tun ranar da aka ba ka, domin tana ɗauke da abu biyu, ranakun da take aiki a tsakaninsu da adadin kwanakin da aka yarda ku zauna, kuma ranar shiga da ranar fita duk ana ƙirga su a matsayin cikakkun kwanaki. Idan kwana 14 aka rubuta muku, jirginku ya tashi a rana ta 14.